Saura Sumuni Uku

Asabar, 5 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Na dawo daga gidan rediyo, ko mayafi ban cire ba. Bari in rubuta tun zuciyata ba ta fara gyara labarin ba.

Yau shirin Allon Manya bai fita ba. Shekara goma ke nan Malam Idris yana zama a sutudiyonmu duk Asabar ƙarfe goma, yana biya wa manya karatun Alƙur'ani, sumuni ɗaya a mako, a ƙarshen shiri su bugo waya su biya ya gyara musu. Ɗalibansa tsofaffi ne masu jin kunyar zama tabarma ɗaya da jikokinsu. Innata tana cikinsu. Daga Nasi suka taso, yanzu saura sumuni uku su sauke.

Shirin yana da mai ɗaukar nauyi, kuma nan ne ɓangarena, don ni ce shugabar sashen hulɗa da kamfanoni. A fayil ɗin, inda ake rubuta suna, "wani bawan Allah" kawai aka sa. Haka na gaje shi. To yau Nasiru mai gabatarwa ya buɗe shiri, ya karanta takardar da aka ajiye masa: shirin nan yana zuwa muku ne da ɗaukar nauyin Alhaji Haruna Mai Tukwane na Panteka, shekara goma cur.

Ina tsaye bayan gilashi ina murmushi. Malam ya cire abin kunne a hankali, ya rufe Alƙur'aninsa ya mayar cikin gafaka, ya sa takalmi ya fita, jar fitila tana kunne. Nasiru ya bi shi da kallo. Ƙarshe ƙasida aka saka har rabin awar ta ƙare.

Na bi shi har bakin get. Na ce, "Allah gafarta Malam, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, 'yata." Ya tari keke napep ya tafi.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Inna ta kira sau huɗu. Na ce mata matsalar na'ura ce.

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Madam Ladi, daraktarmu, ta tara mu da safe. Tambaya ɗaya ta yi: wa ya ba Nasiru takardar? Ya ce, "A cikin jerin sanarwa na same ta, Ma." Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ni ina duba bakin birona kamar yau na fara ganinsa. An ba Nasiru takardar tuhuma, an ce ya huta da makirfo tukuna.

Kafin azahar akawun Alhaji Haruna ya kawo ambulan. Layi biyu ne a ciki: "Na janye hannuna daga shirin. Amana na ba gidanku."

Ni Fadila, da nake sa mai kamfanin da ya rantse ba zai yi talla ba ya sa hannu kafin shayinsa ya huce, yau na karanta layi biyu sau goma ban sami abin cewa ba. Mai shiri ya tafi, mai ɗaukar nauyi ya tafi, duk a kan an gode wa mutum. Ban gane ba. Wallahi ban gane ba.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Na je Katabu wurin Baba Dauda, wanda na gaji kujerarsa shekara huɗu da suka wuce. Ritaya ta karɓe shi, har tumbi ya ajiye. Na same shi a gonar bayan gida yana yi wa masara huɗa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ranar da na miƙa miki fayil ɗin nan, me na ce?"

"Ka ce kada a ambaci suna."

"Na gaya miki dalili?"

"A'a, Baba."

"To rabin laifin nawa ne. Haruna da Idris uwa ɗaya uba ɗaya. Haruna ne babba. Sun fi shekara ashirin ba sa gaisawa. Malam ya ɗauka ɗan alawus ɗin da yake karɓa daga gidan rediyo yake fitowa."

Sai da na nemi turmi na zauna. Na ce me ya haɗa su? Ya ce, "Ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Shi ya sa na yi shekara shida da fayil ɗin ba abin da ya faru."

Rabin laifin, in ji shi. Bai tambaye ni na wane ne ɗaya rabin ba. Ya dai cika mini leda da ganyen zogale ya ce in gai da Inna.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Yau ma ƙasida. Wayar sutudiyo ba ta huta ba, wani tsoho daga Kawo har cewa ya yi ko Malam rasuwa ya yi muke ɓoye musu.

Na wuce Rigasa. Na tarar da Inna a inda na san zan same ta, kan darduma, rediyo a gefe, Alƙur'ani a cinya da tsinken tsintsiyar da take sa alama da shi. Tun ƙarfe goma ta yi alwala ta zauna, in ji maƙwabciyarta. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, "uwar talla" take ce mini.

"Uwar talla, na'urar taku ba ta da likita ne?"

Na ce ana kan gyara.

"To su hanzarta. Na riga na auni shinkafar wainar sauka." Ta matso da shafin dab da fuskarta, ta karkata kai don ta gani da idon hagu. Yanar ido ta gama rufe na dama tun bara. Ban taɓa lura da yadda take matso da littafin ba sai yau.

Na ci tuwon da ta zuba mini ban ji ɗanɗanonsa ba.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Madam ta ce fili ba ya zama haka nan. Akwai kamfanin taliya da ke son ƙarfe goman Asabar, kuma ni na yi wata takwas ina zarya ofishinsu har masu gadi suka san motata. Yau ga su sun zo da ƙafarsu.

Manajansu yaro ne mai fara'a, kansa cike da dabaru. Ya ce ai abu ne mai sauƙi: a samo wani malamin, a sa waƙar taliya a tsakiyar karatu, wanda ya biya daidai a ba shi katan guda. Na hango Inna tana jan aya ana yi mata kiɗan taliya. Na yi murmushin aiki, na ce za mu duba.

Madam ta ba ni zuwa ƙarshen wata. In Allon Manya bai dawo ba, fili ya zama nasu. Wata biyu da suka wuce da rawa zan taka a kan wannan kwangilar.

Talata, 15 ga Yuli, da rana

Nasiru ya gaishe ni a kan matakala, har da "Anti, ya gajiya?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Ni na rubuta takardar.

Ga shi na rubuta, littafin bai kama da wuta ba. Ni na buga ta ranar Juma'a, ni na cusa ta cikin jerin sanarwa. A duk kwas ɗin da aka tura ni, abin da ake fara koya mana shi ne mai ɗaukar nauyi ba ya gajiya da jin sunansa. Na ɗauka kawaici ne kawai irin na dattawa, in ya ji an yabe shi a rediyo ransa zai yi fari. Kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ina so ya ɗauki nauyin shirin manoma shi ma, in kai wa Madam sunan a faranti. Na ga shekara goma ta cika, sauka ta matso, na ce ga lokaci. Na yi tsammanin Baba Dauda tsohon yayi ne, ni ce na san aiki.

Na shiga ofishin Madam na faɗa mata a tsaye. Ta cire tabarau ta ce, "Na sani tun ranar Litinin ɗin. Duk gidan nan wa ke rubuta sanarwa irin wannan in ba ke ba? Jira nake ki zo da ƙafarki."

An janye takardar Nasiru, an rubuta tawa. Na same shi a kantin shayi na ba shi haƙuri a gaban mutane. Ya ce, "Haba Anti, ya wuce." Idonsa bai ce ya wuce ba tukuna, kuma yana da gaskiya.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na je Panteka. Taɓo har idon sawu, ƙarar guduma ta ko'ina, warin narkakken dalma yana shiga maƙogwaro. Shekara huɗu ina karɓar saƙon Alhaji ta hannun akawunsa, ban taɓa ganin fuskarsa ba sai yau.

Na isa goma saura kaɗan. Akawun ya ce in jira, duk Asabar ƙarfe goma Alhaji yana shiga ɗakin ciki ya rufe, ba mai shiga. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ni kuma ina tsaye a bakin rumfa ina jiƙewa. Daga ciki na ji murya: "Wace ce? Shigo da ita."

Ɗaki ne ƙarami, tukwane jere har rufi. Dattijo ne siriri, hannuwansa duk tabon ƙuna. Yana zaune kan buzu. Kusa da shi ƙaramar rediyo tana ƙasidar da muke cike fili da ita. A cinyarsa Alƙur'ani ne a rufe, da tsinke a ciki, can kusa da bango, daidai inda na Inna yake.

Na durƙusa na faɗi sunana da abin da na yi. Amma ya riga ya ga inda idona ya sauka.

Sannan ya ce, "Ina ɗan shekara tara aka cire ni daga makarantar allo aka kawo ni maƙera, don ƙanena ya yi karatu. Ban ji haushi ba, kansa ya fi nawa. Amma na wayi gari da furfura, ana ce mini Alhaji, ban wuce izu biyu ba. Wa zan durƙusa wa a garin nan in ce ban iya ba?" Ya shafa bangon littafin. "Ba mai biya karatu kamarsa. Ba ya gaggawa."

Na kasa ɗaga kai.

"Kin ga abin da kika gani, yarinya. Shi ma za ki kai wa mai makirfo?"

"Wallahi a'a, Baba."

Na roƙe shi ya dawo da hannunsa. Ya ce, "Ko na dawo, ba zai zauna a kujerar da ya san ni na saya ba. Na san shi, ni na goye shi." Ya sa aka raka ni da lema har mota.

Na zauna cikin motar na yi kuka sosai, gilashi a rufe, ruwa yana dukan rufi.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Ina da maganar da za ta dawo da Malam. Jimla ɗaya ce. In na ce masa yayanka ɗalibinka ne, shi ma saura masa uku, na san zai tashi ya ɗauki gafaka. A aikinmu irin wannan maganar ake ajiyewa sai ƙarshe, in ciniki ya cije. Tun safe take yawo a bakina.

Ba tawa ba ce.

Talata, 22 ga Yuli, bayan magariba

Jiya na gaya wa Inna ba na'ura ba ce, ni ce. Ban faɗi abin da na gani a Panteka ba. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce kawai, "Gobe ki zo ki kai ni."

Mun sami Malam a zaurensa a Abakpa bayan la'asar, ɗalibai sun tashi. Na faɗi laifina tun daga farko. Ya ce, "Na yafe miki, 'yata, ba ki sani ba. Amma shekara goma ina cin tuwon mutumin da..." Ya tsaya nan. Ya gyara zaman rawaninsa. "Ba zan koma ba."

Maganar nan ta taso mini har bakin haƙora. Na ga yadda za ta faɗa, na ga yadda fuskarsa za ta sauya. Na danne ta da ƙyar, har gumi ya karyo mini.

Sai Inna ta gyara zama. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ban san Alhajin nan ba, ban san abin da ya haɗa ku ba, ba na kuma son sani. Ni dai na san ina da shekara hamsin da takwas Fatiha ma ban iya ta daidai ba, kai ka gyara mini ta cikin rediyo, ina tuƙa tuwo. Idon dama ya tafi, na hagu yana haɗa kaya. Saura uku. In a nan za ka ajiye ni, faɗa mini da bakinka in koma gida in raba shinkafata."

Malam ya kalli tsinken da ke cikin littafinta. Ya ce, "Hajiya, biya mini na ƙarshen da muka yi."

Ta matso da shafin dab da ido ta biya. Ya gyara mata wuri biyu. Da ta kai aya ya juyo gare ni.

"Asabar uku. Ba alawus, ba sunan kowa, ba kuɗin kowa."

A mota Inna ta ce, "Ke da ake biya don ki iya magana, yau me ya kama bakinki?" Na ce ciwon haƙori ne. Ta harare ni da ido mai kyan.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da lokaci, yau na fara roƙonsa kyauta. Na shirya dogon jawabi a kan cewa gidan nan na jama'a ne. Madam ta katse ni tun ban yi nisa ba.

"Gidan na jama'a ne, amma man janareta ba jama'a ke kawo shi ba." Ta ja numfashi. "Mamata sai da ta haura sittin ta koyi karanta Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata. Ranar da ta gama, da shi ta kwana a ƙirji. Uku fa, Fadila. Ke za ki je ki lallashi masu taliya su jira."

Na je. Na ba su fili biyu a shirin wasanni a madadin jiran. Manajan ya ce ni muguwar 'yar kasuwa ce, na ce na gode.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi

Ya zo. Nasiru ya ce, "Allon Manya, tare da Malam Idris," bai ƙara ko harafi ba. Malam ya yi bisimilla kamar jiya ya tashi. Saura biyu.

Asabar, 2 ga Agusta, da rana

Saura ɗaya. Na bi ta bakin Panteka a hanyar gida, na rage gudu, ban tsaya ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Inna ta kai niƙa. Ta sa an ƙara mata kati a waya, ta ce gobe ko ana ha maza ha mata sai ta sami layi.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

An sauke.

Malam ya biya sumunin ƙarshe sau uku, a hankali, yadda ya saba. Aka buɗe layi. Wata mata daga Unguwar Kanawa ta biya tana kuka, wani direba ya biya daga tasha. Saura minti huɗu aka ɗauki kira na uku. Nasiru ya ce, "Wa ke magana, daga ina?"

"Wani bawan Allah ne."

A bayan muryar ana jin guduma can nesa. Na dafa gilashi.

Ya fara. Yana tafiya a hankali, harafi bayan harafi, irin karatun wanda ya maimaita shi kaɗai a ɗaki sau ɗari. Malam ya daina motsi. Wajen tsakiya mai karatun ya gajarta wata madda, ya ji da kansa, ya tsaya.

Shiru. A rediyo shirun daƙiƙa biyar laifi ne babba. Injiniya ya ɗago yana kallona, hannunsa a kan maɓalli, na girgiza masa kai. Na ƙirga goma sha biyu.

Malam ya matso da bakinsa kusa da makirfo. Ya ce, "Ja maddar. Maimaita, Yaya."

Ya maimaita. Ya ja ta. Ya kai har ƙarshe bai sake tuntuɓe ba. Malam ya ce, "Haka ne. Allah ya sa albarka." Ya yi addu'ar sauka, Nasiru yana amin yana share ido da hular kansa.

Jar fitila ta mutu. Wayata ta hau ruri, Inna ce, wai wane tsoho ne ya cinye mata layi? Na miƙa wa Malam, ya ce ta kwantar da hankalinta, gobe da kansa zai zo Rigasa ta biya masa, ta ajiye masa waina.

Ya miƙo mini wayar, ya rataya gafaka, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalmansa.

"'Yata, motarki tana nan?"

"Tana nan, Allah gafarta Malam."

"Ki sauke ni Panteka."

Na tsaya a bakin layin masu tukwane, ya tattare rigarsa saboda taɓo ya shiga. Akawun ya gan shi ya miƙe tsaye, ya buɗe masa ƙofar ɗakin ciki.

Ban bi shi ba. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, kuma ko na ji, ko a nan ba zan rubuta ba.